Ipnoz da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen sa barci na ɗakin tiyata a nan Garwa ta Kamaru, kuma a 'yan shekarun nan babu kalmar da ɗalibai masu koyon aiki suka yawaita tambayata a kanta kamar ipnoz. Wasu sun ji ta a aji, wasu sun gani a bidiyon waya, inda wani zai kaɗa yatsa jama'a su zube kamar an sare dawa. 'Yan uwan marasa lafiya ma sukan tare ni a baranda da nasu tambayoyin, waɗanda galibi tsoro ne ke haifar da su. Na tattara tambayoyin a nan, na bar su kusan yadda aka yi mini su.

Malam, mene ne ipnoz ɗin nan, kuma yaya ake kiransa da Hausa?

Masu karatun Faransanci suna cewa ipnoz, 'yan uwanmu na Yola da Maiduguri kuma sukan ce hifnosis. Hausa ba ta da kalma guda da ta dace da shi. Nakan ji ana cewa rufa ido ko ɗauke hankali, amma duka biyun suna kai mai sauraro wani wuri dabam, domin rufa ido dabarar hannu ce da ake yi wa mai kallo, ɗauke hankali kuwa yana nuna an ƙwace wa mutum wani abu nasa.

Abin da likitoci ke nufi shi ne wani hali na tattara hankali wuri guda, har abubuwan da ke kewaye su dusashe, mutum ya zama mai saurin karɓar maganar da ake faɗa masa. Aikin kashi biyu ne. Akwai shigarwa, inda ake sa mutum ya kafa ido a kan abu ɗaya ko ya bi numfashinsa, ana yi masa magana a hankali. Sai kuma abin da zan riƙa kira laƙƙanawa, wato a ce masa hannunsa na yin nauyi, ko wurin da ke masa ciwo yana yin sanyi. Alamar da ta bambanta wannan da biyayya ta yau da kullum ita ce, wanda abin ya kama yakan ce hannun da kansa ya sauka, shi bai ji ya saukar da shi ba.

Tattara hankali irin wannan kowa ya san ɗanɗanonsa. Telan da ya duƙufa a kan aikin wuyan riga har a yi masa sallama sau uku bai amsa ba, ko saurayin da ya manna rediyo a kunne ranar da Coton Sport ke wasa har tuwonsa ya huce, duk sun leƙa bakin ƙofar wannan hali.

Wanda aka yi wa barci yake yi?

A'a. Sunan ne ya jawo ruɗanin, domin daga kalmar barci ta harshen Girkanci aka samo shi, kuma James Braid, likitan tiyata da ya yi aiki a Manchesta ta Ingila, shi ya yaɗa sunan a littafinsa na 1843. Shi kansa daga baya ya gane sunan bai dace ba, ya nemi sauya shi da wanda ke nufin tsayawa a kan tunani guda, amma alƙalami ya riga ya bushe.

Akwai na'urar da ake manna wayoyinta a fatar kai don auna lantarkin ƙwaƙwalwa, irin wadda ake gwada masu farfaɗiya da ita. Barci yana da zanensa da kowane ma'aikaci ke ganewa a kan takardar, zanen mai ipnoz kuwa na mutumin da ke farke ne cikin natsuwa. Yana jin magana, yana amsawa, kuma yawanci yana tuna abin da ya gudana.

Shin akwai wani ƙarfi da ke fita daga jikin mai yin abin ya shiga wanda ake yi wa?

Wannan tambaya an yi ta kuma an amsa ta fiye da shekara 240 da suka wuce. Franz Anton Mesmer, likita Bajamushe, ya isa Paris a 1778 yana da'awar cewa akwai wani ruwa marar ganuwa, mai kama da ƙarfin maganaɗisu, da yake turawa cikin marasa lafiya ta hannunsa. Mutane suka yi ta tururuwa, ana suma, ana karkarwa, wasu suna cewa sun warke. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike wanda ya haɗa da Benjamin Franklin na Amurka da Antoine Lavoisier masanin sinadarai.

Dabarar da kwamitin ya yi ita ce ta burge ni. An sa wani almajirin Mesmer ya zuba ƙarfin nasa a bishiya ɗaya a cikin lambu, sannan aka ɗaure wa wani yaro ɗan shekara 12 ido, aka riƙa kai shi gindin bishiyoyi. Yaron ya suma a gindin bishiyar da ba a taɓa ba. An maimaita irin wannan gwaji ta hanyoyi dabam-dabam, sakamakon bai sauya ba: wanda ya zaci ana yi masa aiki yakan faɗi ko da ba a yi komai, wanda ake yi wa a ɓoye kuma ba ya jin komai. Kwamitin ya yanke cewa ruwan babu shi, tunanin mutum ne ke aikin.

Bayan kusan shekara 100, likitoci biyu a garin Nancy na Faransa, Liébeault da Bernheim, suka tsaya a kan cewa laƙƙanawa ce tushen al'amarin, kuma lafiyayyun mutane ma suna karɓar ta. Binciken zamani ya mara musu baya. Mai yin ipnoz jagora ne kawai, shi ya sa muryar da aka naɗa a waya ma tana iya yin aikin, kuma mutum na iya koyon yi wa kansa.

To ta yaya aka san ba kwaikwayo mutanen ke yi don su faranta wa likita ba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kanta. Wasu, irin su Theodore Barber da Nicholas Spanos, sun ce mutum yana taka rawar da yake zaton ana so ne. Ernest Hilgard na Jami'ar Stanford kuma ya ce da gaske sani ne ke rabuwa gida biyu. Muddin abin dogaro shi ne bakin mutum, babu mai iya raba gardamar. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ne suka kawo shaida ta uku.

A shekarar 2000 Stephen Kosslyn da David Spiegel da abokan aikinsu a Amurka suka sa mutum 8 masu saurin karɓa a cikin na'urar da ke nuna inda jini ya fi kwarara a ƙwaƙwalwa. Aka nuna musu allo mai launin toka, aka laƙƙana musu cewa launuka masu haske suke gani. Sashen da ke aikin gane launi, can wajen ƙeya ta ƙasa, ya tashi aiki. Da aka nuna musu allo mai launuka aka ce launin ya zube, sai sashen ya lafa. Ƙwaƙwalwa ta bi maganar, ta bar abin da ke gaban ido.

Gwaji na biyu ya fi wannan wahalar yi wa ƙarya. Idan aka rubuta kalmar JA da tawada kore, aka ce ka faɗi launin tawadar da sauri, za ka ɗan yi tuntuɓe, domin duk wanda ya iya karatu idonsa na karanta kalma ko bai so ba. John Ridley Stroop ya bayyana wannan tun 1935, kuma jinkirin ana auna shi da ɗan guntun daƙiƙa. Amir Raz ya laƙƙana wa masu saurin karɓa cewa rubutun da za su gani zane ne na baƙon harshe marar ma'ana. A sakamakon da ya wallafa a 2002 jinkirin ya kusan ɓacewa, a 2005 kuma ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai gano saɓani ya rage aiki.

Adalci ya wajabta in ƙara abu biyu. Mutanen da ake sa wa cikin irin waɗannan gwaje-gwaje kaɗan ne, kuma zaɓaɓɓu ne. Sannan an gano cewa laƙƙanawa tana yin aiki sosai ga irin waɗannan mutane ko ba a yi musu shigarwa ba, abin da ya ƙarfafa hujjar masu cewa maganar ce ginshiƙi.

Mene ne ke sauyawa a cikin ƙwaƙwalwa lokacin da mutum ke cikin wannan hali?

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma babu wani lungu guda da za a nuna a ce nan ne gidan ipnoz. Abin da ke sauyawa shi ne yadda sassa ke magana da juna.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Stanford da ya fito a 2016, inda aka tantance mutum 545, aka zaɓi 57, wato 36 masu saurin karɓa ƙwarai da 21 waɗanda abin ba ya kama su. An ga sauyi uku ga rukunin farko kaɗai. Akwai wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa ta gaba, ana kiransa singulet, wanda aikinsa ya yi kama da na mai gadin ƙofar gida: shi ke duba ko akwai abin da ya fi cancanta a juya gare shi, ko akwai abin da bai yi daidai ba. Wannan ya rage aiki, kuma hakan ya dace da yadda mutum ke nutsewa ya daina waiwaye. Na biyu, alaƙa ta ƙaru tsakanin sashen bayan goshi mai tsara aiki da wani sashe mai suna insula, wanda ke karɓar labarin cikin jiki, kamar bugun zuciya da motsin hanji da zafi. Na uku, alaƙa ta ragu tsakanin wannan sashe na bayan goshi da sassan da ke aiki idan mutum yana tunanin kansa, yana auna yadda yake da yadda ake ganinsa.

Wannan na ukun shi ya fi kusa da bayyana dalilin da ya sa mutum ke cewa hannun da kansa ya ɗaga. A kullum ƙwaƙwalwa tana ba da umarnin motsi, kuma tana shaida wa kanta cewa ita ta ba da shi. Idan igiyar da ke tsakanin umarnin da shaidar ta yi sako-sako, motsin zai faru amma jin "ni na yi" ba zai biyo baya ba.

Da gaske magana kawai tana iya rage zafin ciwo?

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne hujja ta fi ƙarfi, kuma nan ne aikina.

Mun saba ɗaukar zafi a matsayin saƙon da ke tashi daga rauni ya tafi kai kai tsaye. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa akwai wata irin ƙofa a cikin laka, wadda ke iya ƙara saƙon ko rage shi, kuma ƙwaƙwalwa tana aiko da nata umarnin daga sama zuwa wannan ƙofa. Shi ya sa manomi kan sari ƙafarsa da fartanya bai sani ba sai ya ga jini, shi ya sa kuma haƙorin da ya lafa da rana yakan tashi da dare idan gari ya yi tsit.

Zafi kuma fuska biyu gare shi. Akwai sanin inda yake da ƙarfinsa, akwai kuma damuwar da yake jawowa. Pierre Rainville da abokansa a Montreal ta Kanada suka raba waɗannan biyun a 1997. An sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai zafin digiri 47. A wani zagaye aka laƙƙana musu cewa zafin zai dame su ƙwarai, a wani zagayen aka ce ba zai dame su ba, alhali ruwan bai sauya ba. Aikin singulet ya riƙa hawa da sauka tare da damuwar da suka bayyana, amma sashen da ke gane taɓawar fata bai sauya ba. Bayan 'yan shekaru suka sauya maganar, suka nufi ƙarfin zafin kansa, sai sashen fatar ya amsa. Wato kalmar da aka zaɓa ita ke nuna sashen da zai motsa, kuma ni a ganina wannan shi ne mafi girman abin da wannan fanni ya gano.

Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa ga wasu mutane hatta zaburar da ƙafa ke yi idan an tsikare ta, wadda a laka ake sarrafa ta, tana raguwa. An kuma gwada maganin nalokson, wanda ke toshe aikin sinadaran kashe zafi da jiki ke ƙerawa, aka ga bai rusa sauƙin da ipnoz ya kawo ba, abin da ke nuna cewa ta wata hanya dabam yake bi.

Duk wanda ya taɓa kallon sharo a rugar Fulani ya ga saurayi yana karɓar bulala fuskarsa ba ta motsa ba, idonsa a kan madubi, kirari da kiɗa na tashi a bayansa. Sharo al'ada ce mai zaman kanta, kuma ban kira ta ipnoz ba. Amma kafa ido a wuri guda, da muryar da ke gaya maka ko kai wane ne, da tsammanin da ka shigo fili da shi, su ne kayan aikin da ƙwaƙwalwa ke rage zafi da su a ko'ina.

Ana iya yin tiyata da shi ba tare da maganin barci ba?

An taɓa yi. James Esdaile ya yi manyan ayyuka da hanyar Mesmer a kusa da Kalkata ta Indiya daga 1845, amma da aka nuna aikin maganin barci mai suna ita (ether) a Boston a 1846, sannan wani mai suna kuloroform ya biyo a 1847, likitoci suka koma ga abin da ke aiki a kan kowa.

Abin da ake yi yau haɗi ne. A asibitin jami'a na Liège a Beljiyam, Farfesa Marie-Elisabeth Faymonville ta fara tun 1992 haɗa abu uku: allurar kashe wurin da za a yanka, da ɗan maganin kwantar da hankali, da ipnoz. Dubban mutane aka yi wa aiki haka, ciki har da aikin maƙoƙo da na nono. A Amurka kuma Elvira Lang ta raba marasa lafiya 241 gida uku a binciken da ta wallafa a 2000, dukansu ana zura musu siririyar roba ta jijiyar jini ko ta ƙoda. Waɗanda aka yi wa ipnoz sun nemi kusan rabin maganin zafin da masu kulawar yau da kullum suka nema, kuma aikinsu ya ɗauki minti 61 a matsakaici, maimakon 78.

Ga asibitocinmu na Arewa, inda mai sa barci guda kan riƙe ɗakuna fiye da ƙarfinsa, wannan abin dubawa ne, musamman wajen wanke ƙuna, da ɗinkin rauni, da cire haƙori, da yi wa yara allura. Amma kada wani ya fahimci cewa za a fasa ciki ko a ciro jariri da magana. Ipnoz ƙari ne a kan magani, kuma dole maganin ya kasance a kusa, tare da wanda ya iya ba da shi.

Kowa ake iya yi wa? Na ji an ce masu raunin hankali ne kawai yake kamawa.

Mutane sun bambanta, amma bambancin bai shafi kaifin basira ko ƙarfin zuciya ba. A 1959 André Weitzenhoffer da Hilgard suka tsara ma'auni mai matakai 12, daga mai sauƙi kamar nauyin hannu zuwa masu wuya. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na mutane suna karɓa ƙwarai, kusan adadi irin wannan ba sa karɓa sai kaɗan, sauran jama'a suna tsakiya. Yara 'yan shekara 8 zuwa 12 sun fi manya.

Halin yana da dawwama. An sake gwada wasu tsofaffin ɗaliban Stanford bayan shekara 25, aka tarar mafi yawansu suna kusa da inda suke tun farko. Wanda yake tsakiya ma yana samun sauƙin zafi da na fargaba, saboda haka asibiti ba ya bukatar sai gwani. Wanda kuwa hankalinsa ya rikice, ko ya bugu, shi ne ya fi wuya, tunda ba ya iya tsayar da hankali wuri guda.

Ana cewa akwai masu gaisawa da mutum a kasuwa ko a tasha, sai ya miƙa musu kuɗinsa bai sani ba. Ipnoz ne?

Na ji wannan labari a Garwa, na ji shi a Marwa, fatake masu zuwa Kusuri da Njamena ma suna ba da shi, kuma ba na raina wanda abin ya faɗa wa, domin asarar gaskiya ce. Sai dai abin da aka sani game da ipnoz bai yi daidai da labarin ba. Yana bukatar yarda da haɗin kai, mutum yana ji yana gani, kuma yana iya buɗe ido ya tashi idan aka faɗi abin da ransa ya ƙi.

A 1965 Martin Orne da Frederick Evans suka gwada wannan batu. Sun umarci waɗanda aka yi wa ipnoz su kama maciji mai dafi, su kuma watsa wa wani ruwan asid, bayan an yi tanadin kariya a ɓoye. Da yawa sun aikata. Amma waɗanda aka ce su yi kwaikwayo kawai su ma sun aikata, domin kowa ya san jami'a ba za ta bari a cutu ba. Amincewa da mai ba da umarni ce ta yi aikin.

'Yan damfara suna da nasu kayan aiki: su zo su biyu ko uku, su cika ka da magana, su haɗa tsoro da kwaɗayi, su hana ka daƙiƙa ɗaya ta tunani. Wani lokacin kuma ƙwaya ce ko zaƙami a cikin abin sha, wanda ke rikita hankali ya kuma goge tunawa. Wanda ya farka bai san abin da ya faru da shi na sa'o'i ba, a kai shi asibiti da wuri, sannan a sanar da jandarmomi.

Mene ne alaƙarsa da bori, ko da 'yan matan da ke faɗuwa a makaranta?

Hukuncin aljanu da ruƙya da halal da haram na malamai ne, kuma can ya kamata a kai shi. Ni abin da zan iya faɗa shi ne abin da aka gani a ƙwaƙwalwa.

Akwai cutar da hannu ko ƙafa ke mutuwa, ko murya ta ɗauke, ko mutum ya riƙa faɗuwa yana karkarwa, alhali gwaji ya nuna jijiyoyi lafiya lau. Jean-Martin Charcot ya yi nazarinta a asibitin Salpêtrière na Paris tun wajen 1880, kuma ya lura da kamarta da ipnoz. A 2000 Peter Halligan da David Oakley a Ingila suka laƙƙana wa wani mutum cewa ƙafarsa ta hagu ta shanye, suka ce ya yi ƙoƙarin ɗaga ta a cikin na'ura. Hoton ya yi kama da na wata mata mai irin wannan cuta da aka ɗauka a baya. A 2009 masu bincike a Janiba ta Suwizalan suka nuna cewa hoton wanda aka shanyar wa hannu da laƙƙanawa ya bambanta da na wanda ke yin ƙaryar shanyewa.

Darasin da na ɗauka ya shafi yadda muke mu'amala da yaranmu. Idan 'yan mata suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya a lise, wato makarantar sakandare, musamman cikin zafin Maris da Afrilu ko dab da jarrabawa, kuskure ne a ce ƙarya suke yi a ɗauko bulala. Jiki yana iya aikata abin da mai shi bai ji ya umarta ba, kuma tsoro yana yaɗuwa ta ido da kunne. A raba su, a kai kowace wuri mai inuwa da shiru, a rage 'yan kallo, a yi magana da murya mai sanyi. Sannan lallai likita ya duba, domin farfaɗiya, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da faɗuwar sukari, duk suna iya zuwa da irin wannan kama, kuma wasunsu suna kisa cikin sa'o'i.

Zai iya sa mutum ya tuna abin da ya manta, kamar fuskar ɓarawo?

Wannan ita ce kasadar da na fi jin tsoro. Tunawa ba ajiya ce da ake buɗewa a tarar da ita yadda aka bar ta ba, duk lokacin da aka tuna abu ƙwaƙwalwa sake harhaɗa shi take yi, kuma mai saurin karɓa yana iya haɗawa da abin da mai tambaya ya sa masa a baki. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry a Montreal suka yi wa mutum 27 ipnoz, suka mayar da tunaninsu wani dare na makon da ya gabata, suka tambaye su ko sun ji wata ƙara da ta tashe su. Bayan an gama, 13 daga cikinsu suka ce lallai ƙarar ta faru, wasu ma suka tsaya a kan haka bayan an gaya musu cewa laƙƙanawa ce. A 1985 ƙungiyar likitocin Amurka ta bayyana cewa tunawar da aka samo ta wannan hanya ba ta fi ta yau da kullum inganci ba.

Abin da ke ƙaruwa shi ne yaƙini, kuma mai yaƙini a kan kuskure shi ne shaidan da ya fi haɗari. A garin da zargin sata ko na maita ke iya tara jama'a da sanduna kafin hukuma ta iso, bai halatta a kama sunan kowa da irin wannan hujja ba.

Waɗanne cututtuka yake taimaka wa, kuma yana da illa?

Cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta tace hujjojin a 2015, ta ga amfaninsa ya fi bayyana a wuri biyu: rage magani lokacin tiyata da ƙananan ayyuka, da ciwon hanjin nan mai kumburi da murɗa wanda gwaji ba ya nuna rauni, wanda Peter Whorwell ya fara gwadawa a Manchesta a 1984. Game da barin taba, hujjar ba ta kai ba. Iyayen da ke tambayata saboda ɗansu ya faɗa wa tramol, ina gaya musu cewa wannan yana bukatar likita ya rage ƙwayar a hankali, domin yanke ta farat ɗaya yana wahalar da jiki ƙwarai.

Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya narkar da ƙari, ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na sukari. Illarsa ta kusa kaɗan ce, ɗan ciwon kai ko jiri ko tashin wani tsohon baƙin ciki, kuma babu wanda ke maƙalewa a ciki, ko mai yin ya fita ya bar shi zai buɗe ido da kansa. Mai taɓin hankali da wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, irin 'yan uwanmu da rikici ya koro daga kan iyaka, sai a hannun likitan ƙwaƙwalwa. Babbar illa ita ce a lallashe zafin da ke gargaɗi, ciwon ciki ya lafa alhali hanji ya huje. Don haka ƙa'idar ita ce, wanda bai cancanci ya duba cutar ba tare da ipnoz ba, bai cancanci ya taɓa ta da shi ba.

Malam, mu da ba mu sami horo ba, akwai abin da za mu ɗauka mu yi aiki da shi gobe?

Akwai, kuma shi ne bakinku. Mutumin da ke kwance a gadon asibiti cikin tsoro hankalinsa ya riga ya tattaru a kanku, duk kalmar da kuka furta laƙƙanawa ce, ko kun nufa ko ba ku nufa ba. A wani bincike na 2010 an raba mata 140 masu shirin haihuwa gida biyu kafin allurar kashe fatar baya. An gaya wa rabi cewa za su ji kamar harbin ƙudan zuma kuma nan ne mafi zafin aikin, aka gaya wa sauran cewa za a sa maganin da zai kashe wurin don su sami sauƙi. Allura iri ɗaya ce, amma na farko sun auna zafinsu 5 cikin 10, na biyu 3.

Saboda haka idan tsohuwa ta miƙo hannu, kada ku ce "Inna, daure, zai yi zafi." Ku ce "Inna, zan sa maganin da zai kwantar da wurin, ki ja numfashi a hankali, ki gaya mini sunayen jikokinki tun daga babban." Kada ku yi mata ƙaryar cewa ba za ta ji komai ba, domin idan ta ji, ba za ta sake yarda da ku ba. Yaro kuma ku tambaye shi launin akuyar gidansu, ko ku sa shi ya hura yatsanku kamar yana kashe fitila, ku ci gaba da magana da murya ɗaya har allurar ta fita, sannan ku bar uwarsa ta riƙe shi a jikinta maimakon a danne shi a kan tebur.